Wasiƙun Alhamis na Gali Tela

Gali tela ya miƙa katinsa ta tagar gidan waya, ya biya, ya karɓi ambulan yana huci. Ma'aikacin ya sake karanta masa doka: wasiƙar soja mai hatimin bariki kyauta take tafiya, amma wadda aka jefa ba kan sarki, mai karɓa ne zai biya ninki biyu, kuma sai ya zo da kansa. In ba ya so, ya bar ta.

Barinta kuwa ba zai yiwu ba. Ɗansa Njidda soja ne a can yamma, ya daɗe bai aiko ba, kuma yaro ne mai mantuwa. Wa ya sani ko hatimin ya manta?

Ya farke ambulan. Kalma ɗaya ce a ciki, a karkace kamar tafiyar kaza: Bonjour, gaisuwar Faransanci.

Duk unguwar Birkitari ta Yawunde an san Gali ba ya barin zaurensa. Nan kekensa yake, nan yake cin abinci, ko kyanwa ba ta fita gidan bai tambaye ta inda za ta ba. Amma tun daga wannan mako, duk Laraba sai takardar kira ta faɗo akwatin wasiƙun maƙwabcinsa Alhaji Yuguda, wanda rabin layin ke amfani da shi. Alhamis da safe Gali ya rufe keke ya gangara cikin gari, ya bi layi har azahar.

Wasiƙa ta biyu sunayen ranakun mako ne da Faransanci. Ta gaba watannin shekara. Alhaji Yuguda, da ke karanta masa, ya ce hatimin na nan Yawunde ne, ya kuma lura mai rubutun hannunsa na ƙara faɗawa. Gali ya ce wannan ba yabo yake nema ba, sammu ne. Ya zargi wani tela na kasuwar Mokolo da suka taɓa faɗa kan kwastoma, ya daina amsa sallamarsa. Ya sa aka yi masa rubutu ya sha. Ya turara ambulan ɗin duka da hayaƙi.

Da wadda ta zo da cikakkiyar jimla, cewa akuya tana cin ciyawa, Gali ya rantse ya gama. Ko sun tara wasiƙun har rufi, ba shi ba gidan waya.

Laraba takarda ta zo, ya cusa ta ƙarƙashin keke. Matarsa Larai ta ajiye masa koko washegari, ta ɗan tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ni dai ban ce ka je ba," in ji ta. "Amma in wannan ɗin ta Njidda ce fa?"

Gali ya koma kan ɗinkinsa. Ya taka keke ya tsaya, ya sake takawa. Can ya ja tsaki, ya zura takalmi, ya ce ta kulle gida kada ta buɗe wa kowa.

Sai da ya sha kwanar masallaci sannan Larai ta yafa gyale, ta zaro allo da alli daga bayan randa, ta nufi ajin yaƙi da jahilcin da ya hana ta shiga, tana tunanin abin da za ta rubuta masa mako mai zuwa.