Daga Gado Zuwa Keke

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta ƙaraso, kunnuwanmu na jira.

Wata mata ce tela, wadda duk layinsu ke kira Yaya, har waɗanda suka girme ta. Shekara huɗu ke nan da hatsarin mota ya kashe mata ƙafafu, amma bai taɓa hannuwanta ba. Kowace safiya takan jawo keken guragu jikin gado, ta danne birki, ta ɗora wani guntun katako mai santsi tsakaninsu, ta dafa, ta zame. Wata uku ta yi tana faɗuwa kafin ta iya, kuma ba abin da take alfahari da shi kamar wannan.

Wanka ne dai ya gagare ta, sai matakala uku na ƙofar gida da suka hana ta fita.

A gidan mahaifinsu take, cikin babban ɗaki mai taga ta bakin titi, inda mata ke miƙo mata yadi su tsaya hira. Ƙanenta Auta, wanda ta goya tun bayan rasuwar mahaifiyarsu, yana ƙananan ɗakunan baya da matarsa da 'ya'ya biyar.

A asibiti ta ji cewa ofishin jin daɗin jama'a yana da hanya biyu. Ko dai a bar mutum a gidansa, a turo masa mai kula kowace safiya, a gyara matakala da banɗaki, ko kuma a kai shi gidan kulawa. Jami'a ce ke zuwa ta duba, ta yanke.

"Ni dai a ɗakina za a ɗauki gawata," in ji Yaya.

Auta ya ce ta bar masa komai. Mutumin da ko layin asibiti ba ya iya bi, sai ga shi sau uku yana zuwa ofishin nan. Yaya ta yi ta sa masa albarka.

Ana gobe jami'a za ta zo, ya zauna a bakin gadonta.

"Yaya, matsalarki ba kya son a ga kasawarki. In suka ga kina iyawa, cewa za su yi ba kya bukatar kowa. Duk abin da aka ce ki yi, ki ce ba kya iyawa. Musamman tashi daga gado."

"Kai, Auta! Yau kai ke koya mini ƙarya? Ni da na yi ta dukanka a kanta?"

"Ai dukan bai shiga ba," ya ce, yana dariya, idonsa na kan taga.

Ya ɗauke katakon ya kai ɗakinsa. Ya lulluɓe keken ɗinki da zane, ya ɗora kwali a kai.

Jami'a ta zo da hantsi, mace mai sanyin murya, riƙe da takardu. Tambayoyinta suka zo ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda Auta ya jera su. Da ta kai kan maganar gado, ta ce, "Mama, ko za ki nuna mini yadda kike komawa keke?"

Yaya ta dubi keken. Hannuwanta har sun fara neman wurin dafawa. Ta dubi Auta, ya girgiza kai kaɗan. Ta saki jikinta ta kwanta kamar tsumma.

"Ba na iyawa, 'yata. Sai an ɗaga ni."

Auta ya sunkuya ya cicciɓe ta yana nishi. Kunya ta rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta, amma ta ce a ranta, don ɗakina ne.

Bayan mako biyu takarda ta iso. An ce mai zuwa da safe kaɗai ba za ta wadace ta ba, tana bukatar kulawa a kowane lokaci, kuma an samar mata gado a gidan kulawa. Auta ya karanta, ya dafe kai, ya zagi ofishin tas. Yaya ce ma ta koma lallashinsa.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗan'uwana. Ni ce na cika gishiri a wasan."

Ya ce ta je na ɗan lokaci, zai ɗaukaka ƙara. Matarsa ta haɗa mata kaya tun kafin a tambaye ta, har da labulen taga.

Gidan kulawa yana da tsabta, ma'aikatan kuma ba su da laifi. Sai dai gado huɗu ne a ɗakin, tagar kuma katanga take kallo. Ba mai miƙo yadi. Auta ya zo sau ɗaya, a tsaye.

Ranar da ta cika wata guda, jami'ar ta zo duba waɗanda ta kawo. Yaya ba ta ji shigowarta ba. Ta gaji da jiran mai ɗaga ta, ta jawo keke, ta ɗora murfin akwati a madadin katako, ta dafa, ta zame. Tana ɗago kai suka haɗa ido.

"Mama! Ashe kina iyawa?"

Yaya ta sunkuyar da kai. "Ki yafe mini, 'yata. Tsoro na ji kada ku ce ba na bukatar taimako."

Jami'a ta zauna a bakin gado a hankali.

"Amma Mama, duk wanda ya iya tashi daga gado zuwa keke da kansa, shi muke bari a gidansa mu tura masa mai kula. Wanda ya kasa shi muke ɗaukewa. Ni da bakina na yi wa ƙanenki wannan bayani, har sai da ya sa na maimaita masa sau biyu don kada ya manta."

Ƙurunƙus, nan ta tsaya, ni ma na tsaya.