Rumbun Kaka a Adjamé

Shekarar da aka yi wa ƙanena kaciya, Kaka ta zo mana daga Nijar, ana cikin hutun lakwal, wato makarantar boko. Wata rana bayan azahar ta tara mu, yaran gidan hayarmu na Adjamé, ta tambaye mu mene ne rumbu. Babu wanda ya sani.

"Kai, 'ya'yan aceke!" in ji ta, tana nufin abincin rogon da ake ci a garin. Ta dube ni. "Maigidana, tashi ka kwaɓa ƙasa. Ba zan koma in bar mijina bai san ɗakin hatsi ba."

Muka gina shi a tsakar gida, tsayinsa bai wuce gwiwata ba. Ta kwance zangarniyar gero uku, iyakar abin da ta kawo daga gonarta, ta ce in shinshina kafin in saka. Ƙamshin hayaƙi ne da rana.

"A bar shi ya bushe," ta ce. Ta manta nan Abidjan ne. Kafin magariba ruwa ya kece, rumbun ya narke, geron ya bi kwata. Kaka ta yi ta dariya tana goge ido da mayafi.

Yanzu da furfurata nake koyon rubutu, shi ya sa na rubuta asarar: rumbu ɗaya, zangarniya uku. Kaka kuma ba ta sake zuwa ba.