Kalma Ɗaya a Layi na Tara

Malam Ƙamus ya karanta takardar sau biyu a tsaye a bakin shagon ɗinki, sannan ya cire tabarau ya goge, kamar laifin na gilashin ne.

Mai ɗinkin, wadda ta shekara shida tana yi wa matarsa kaya, ta tsayar da keke ta miƙe. Kullum haka take yi in ya shigo, ko da allura tana tsakiyar wuyan riga. Shekarunta talatin da huɗu, 'ya'yanta uku, kuma ta ci jarrabawar shiga makarantar ungozoma. Abin da ya rage mata shi ne takardar shaida daga sakandaren da ta gama. Ofishin ilimi ya buga mata kwafi da na'ura daga tsohon fayil, ba sunan makaranta sai lamba, ba sa hannu sai hatimi. A layi na tara, inda aka tambayi malamin aji ina yake ganin ɗalibar za ta kai a rayuwa, kalma ɗaya ce ta Turanci: nowhere. Makarantar ungozoma ta ce ba ta ɗaukar mai irin wannan shaida. Ranar Alhamis za a rufe karɓar takardu.

"Wane jaki ne ya rubuta wannan?"

"Ka raka ni ofishin kawai, Malam," in ji ta. "Maigidana ya ce zai je, na ce a'a, kai nake so."

Bai yi mamaki ba. Shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da Turanci a makarantu bakwai kafin ya yi ritaya, kuma ba a banza unguwa ta laƙaba masa Ƙamus ba. Da la'asar ya zauna ya rubuta ƙorafi shafi uku da alƙalaminsa mai koriyar tawada, wanda ya girmi babban ɗansa. Duk inda ransa ya fi ɓaci sai ya ja layi biyu a ƙasa, kamar yadda ya saba.

Ranar Laraba da hantsi suka isa ofishin. Benci biyu, fanka ɗaya wadda ta daina juyi tun tuni, da akawu yana latsa waya da babban yatsa. Ya ɗago ya dubi mai ɗinkin.

"Kin dawo ke nan."

Malam ya ajiye ƙorafin a kan wayar.

"Ka san ma'anar wannan kalma, samari? Babu wuri. Ba gabas, ba yamma, ba ko bayan gida. Ana faɗinta ga makullin da aka duba ko'ina aka rasa. Ana faɗinta ga hanyar da ta mutu a daji. Ba a faɗinta ga ɗiyar mutane mai shekara goma sha bakwai!"

"Baba, ba fa ni na rubuta ba."

"Na sani. Kai ko an ba ka mako guda ba za ka iya rubuta ta daidai ba."

Masu jira a benci suka ƙyalƙyale da dariya. Akawu bai yi ba. Ya ɗauki ƙorafin, ya daɗe yana kallon shafin farko ba tare da idonsa ya bi layi ba, sannan ya dubi mai ɗinkin. Ta sunkuyar da kai. Ya tashi ya shiga ɗakin ajiya.

Malam ya juya ga masu jira, tunda ya sami aji. Ya ce ya san irin waɗannan malamai kamar yunwar cikinsa. Malalata ne masu girman kai. Sai ranar ƙarshe ta zango su tara takardu hamsin a gabansu, su cika su kafin shayi ya huce. Yaran bencin gaba kaɗai suka sani, masu ɗaga hannu. Na baya kuwa kawuna ne kawai da ake ƙirgawa da safe. Mutum ya yanke wa yarinya hukuncin rayuwa da kalma ɗaya, don ƙyuyar rubuta jimla! Irinsu ko a titi suka yi karo da ɗalibinsu ba za su gane shi ba.

"Haka ne, Malam," in ji mai ɗinkin a hankali. "A bencin baya nake zama."

"Kin ji ko! To yau sai an soke ta, kuma sai an gaya min sunansa. In yana raye a kawo min shi nan ya ba ki haƙuri a gaban mutane. In ya mutu a nuna min kabarinsa."

Akawu ya fito da fayil mai ruwan ƙasa, ɗaure da zare, gefensa duk cin gara. Ya ajiye a tebur, ya dafa shi da hannu.

"Baba, ofis ba ya taɓa shaidar malami. Haka ƙa'idar take, kuma na gaya mata tun makon jiya da ta ga fayil ɗin. Wanda ya rubuta ne kaɗai zai soke da hannunsa, a gabanmu, ya sa hannu."

"To me kuke jira? A nemo shi mana!"

Mai ɗinkin ta matso. Ta kwance zaren da yatsun da suka saba da ƙulli, ta buɗe shafin, ta juya shi ya fuskanci Malam.

"Alƙalaminka yana aljihu, Malam," in ji ta.

Kalmar tana nan a layi na tara, da koriyar tawada, an ja mata layi biyu a ƙasa.