Yatsan Zoben Ambrose Tully

Yatsa ɗaya tak ya rage wa Ambrose Tully miƙaƙƙe, kuma shi za a sa wa zobe ranar Lahadi. Sauran taran kowanne ya kama gabansa, kamar saiwar citta.

Shekara goma sha ɗaya ke nan yana tsugunne a bayan masu bugu a filin ƙwallon gora na garin Tannersford, yana cafe jifan Neely Haldeman da hannu tsirara, don a 1889 mai sa safar hannu rago ake kiransa. Ka'idar aikin ba ta da wuya. Mai cafewa ya nuna yatsa ɗaya a tsakanin gwiwoyinsa, a jefo ƙwallo miƙe. Ya nuna biyu, a jefo mai lanƙwasa. Neely zai ƙanƙance ido, ya gyaɗa kai cikin natsuwa, sannan ya jefo abin da ya ga dama.

Girman kan Neely kuwa ba wanda bai sani ba. A gaishe shi daga tsallaken titi, ya wuce. Jarida ta yabe shi, ko buɗewa ba ya yi. Ya taɓa cire wa dokin mahauci hula don gaisuwa alhali matar magajin gari na tsaye a gefe, aka yi wata guda ana maganar. Kuma ba ya jifa sai Ambrose ya sa wata jar falmaran, wai sa'arsa ce. Amma tunda yana cin wasa, kowa ya haƙura. Abokan hamayya sun sha leƙen yatsun Ambrose daga kan rufin majami'a, su kai wa 'yan wasansu labari, duk a banza.

Philomena, wadda Ambrose zai aura, ita ce ba ta haƙura ba. Danginta Jamusawa ne, a wurinsu ango ma sai ya sa zobe, kuma zoben na marigayi mahaifinta ne. Ta gaya wa Ambrose ƙiri-ƙiri: in zoben bai shiga ba, ta fasa. Shekara shida yana bin ta, kuma tsakani da Allah yana son ta.

Ranar Asabar, wasan ƙarshe na kakar, ya tare Neely. "Don Allah mutumina, yau kaɗai, ka bi abin da na ce maka."

"Haba Ambrose, yaushe na taɓa ƙin maganarka?"

Ambrose ya haɗiye fushinsa ya sa falmaran.

Zagaye takwas ya yi yana tarar ƙwallo da ƙirji, da cinya, sau ɗaya ma da haɓa, yatsan na naɗe a tafin hannu. A zagaye na tara Tannersford na gaba da ci ɗaya, saura jifa ɗaya a tashi, kuma wannan dole a cafe ta da hannu biyu. Ya nuna yatsa ɗaya. Ya sake nunawa, har da kaɗawa. Neely ya ƙanƙance ido, ya gyaɗa kai.

Ƙwallon ta taho miƙe, ta zo dab ta lanƙwasa. Mai gora ya bugi iska, fili ya kaure da ihu. Ambrose shi kaɗai ya ji wani ɗan ƙas a yatsan zoben.

Yana zaune a ɗakin Likita Voss, ya yi wurgi da falmaran, likita na cewa zobe kam sai dai a rataya a wuya, sai ga Neely da hula a hannu. Ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar murhu, ko kallon Ambrose bai yi ba.

"Ka kashe min aure!" Ambrose ya daka masa tsawa. "Shekara goma sha ɗaya ina nuna maka yatsu, me na yi maka ka raina ni haka?"

Neely ya juyo wajen muryar. "Yatsu kuma? Waɗanne yatsu?"

"To uban me kake gyaɗa wa kai?"

"Gaisuwa mana. Ba ladabi ba ne?"

Likita Voss ya ajiye bandeji. Ya dubi Neely, ya dubi jar falmaran da ke ƙasa, sannan ya zare tabarau daga fuskarsa ya ɗora a hancin Neely.

Neely ya ƙifta ido. Ya kalli murhu, ya kalli taga, ya kalli fuskar abokinsa kamar baƙo. Da idonsa ya sauka kan cinyar Ambrose sai hular ta suɓuce masa.

"Wayyo Allah, Ambrose! Wane azzalumi ne ya yi wa hannuwanka haka?"