Jiƙaƙƙiyar Tsintsiya

Tun da motoci suka daina shan fetur suka koma man rake, doka ɗaya ce a masana'antar Tudun Rake: ba a shiga sai da busasshiyar tsintsiya miƙe a gaba, don wutar man nan ba a ganinta da rana.

Ran nan Kubura ta ɗauko tuwon mijinta Mati, mai kula da tankuna, ta fizgi tsintsiyar da ta gama share tsakar gida da ita. A ƙofa, tsoho mai gadi ya shafa tsintsiyar.

"'Yar nan, yayyafi kika yi kafin shara ko? Jiƙaƙƙiya ce."

"Haba Baba, miyar fa za ta huce!"

"Ta huce ɗin." Ya miƙa mata tasa.

Ta wuce tana gunaguni. Rana tsaka, hanya fes, ko hayaƙi babu. Dab da kwanar tankuna sai bakin tsintsiyar ya yi baƙi, ya kama ci da wuta.

Ta ja da baya, ta kwarma ihu. Jiniya ta ɗauka, ma'aikata suka fice ta inda iska ke tasowa kamar yadda aka koya musu, kumfar kashe gobara ta lulluɓe wurin. Ko ƙwarzane ba wanda ya yi.

Mati ya cinye tuwon nan da sanyinsa, har da suɗe kwano. Washegari Kubura ta kai wa tsohon sabuwar tsintsiya, amma sai da ta shanya ta a rana tukuna.