Hutun Dogo

Kujerar da ɗuminta. Inna ta ɗora tafin hannu a kai ta ji kamar yanzu wani ya tashi, alhali ita ta buɗe shagon da makullinta, kuma ba kowa a ciki sai kekunan ɗinki goma sha biyu a lulluɓe. Ta shaƙi iska. Warin man zafi, irin wanda Dogo ke shafawa a ƙirji.

Dogo shi ne mai yankan shagon, shekara ashirin da shida. Aikinsu a tsare yake tun zamanin marigayi mijinta: da yamma Inna ta auna da tef ta zana layi da alli a kan yadi, da safe Dogo ya bi layin da almakashi, teloli su haɗa. Ba mai taɓa allin nan sai ita. Ko da ƙafa ta fara ciwo, ko da masu yin tef suka koma buga lambobi ƙanana kamar ƙwayar gero, ba ta sakar wa kowa ba.

To, watan jiya Dogo ya yanke jiki ya faɗi a gaban teburin yanka. Likita ya ce zuciya ce, a kwantar da shi wata guda. Inna ba ta iya zagaye-zagaye ba.

"Albashinka na tafiya, ko sisi ba za a taɓa ba. Babban tela zai riƙe almakashi. In na ji motsinka a layin nan, ni da kai ne."

A gaban wannan teburin mijinta ya faɗi, shi kuwa bai tashi ba. Ba ta da zuciyar ɗaukar na biyu.

Amma ga shi kwana tara da fara hutu, kullum ta zo sai ta tarar da alamar mutum. Allin da ta bari da tsawon yatsa ya koma rabi. Yadin da ta zana jiya da ɗan danshi a wasu wurare, kamar an bi shi da jiƙaƙƙen hannu.

Ta sa aka kira mata Dogo a waya. Ya ce, "Ina kwance, Inna. Har bayana ya gaji da katifa." Matarsa kuwa da aka matsa mata ta ce yakan fita shan iska da sassafe, ya dawo yana haki. Ranar Inna ta aika aka karɓo makullin da ke hannunsa, ta ɗaure a bakin zaninta, ta ce magana ta ƙare.

Washegari kujerar da ɗumi.

Daga nan abin ya fara shiga jikinta. Ta tambayi teloli ko akwai mai zuwa kafin ta. Sai kekuna suka ƙara gudu. Mai guga, wadda bakinta ba ya hutawa, ta ce wai ta bar gawayi a waje. Inna ta zauna ita kaɗai a shagon da ya yi mata duhu-duhu, don ƙwan lantarkin yanzu ba su da haske irin na da, tana tuna yadda marigayi ke riga kowa zuwa. In shi ne, me ya hana shi kwanciya? In kuma Dogo ne, to kabarinsa yake haƙawa a shagonta, ita ce za a ce ta kashe shi da aiki.

Rana ta goma sha ɗaya ta iso shagon tun gari bai waye ba. Ta kulle ƙofa ta ciki, ta shige ɗakin ajiya, ta zauna a bayan bandir-bandir na yadi, ta ja mayafi.

Ba ta daɗe ba makulli ya juya. Takun farko ta san shi, silifas ɗin mai guga ne, ashe ita ma tana da makulli. Na biyu a hankali yake, ana jan ƙafa, ana tsayawa a kowace matakala a nemi numfashi. Inna ta dafa bango za ta miƙe. Ta riga ta shirya faɗan da za ta yi masa, har da inda za ta yi kuka.

"Kai dai sai ka mutu a nan hankalinka zai kwanta," in ji mai guga. "Ka bar wa babban tela mana, ai ya iya awo."

"Ya iya awo, bai iya riƙe baki ba," in ji Dogo. "Ba zai ɓoye ba. Kafin azahar ta ji. Miƙo min tsumman, ki jiƙa shi."

Kujera ta yi ƙara. Aka warware tef. Can sai Inna ta ji shafar tsumma a kan yadi, sannan kukan alli, a natse, layi bayan layi.

"Wai har yaushe, Dogo?"

Ya yi tari.

"Shekara huɗu ina goge layinta ina sake zanawa ba ta sani ba, wata guda ne zai gagare ni? Ranar da Inna ta gane idonta ya tafi, ranar za mu rasa ta."