Gashin Aljanar Malami

Talata Mafara ba ta taɓa haifar masani irin marigayi Malami mahauci ba. Haka aka faɗa ranar sadakar arba'in, ɗansa Sahabi kuwa ya yarda.

Shi ya gaji rumfar abubuwan al'ajabi ta bakin hanyar Bakura: maraƙi mai kai biyu yana ɗoyi cikin kwalba, da gashin aljanar ruwa mai ƙaruwa duk shekara. Don gashin motoci ke tsayawa, da shi gidan ke ci.

Bana bai ƙaru ba. Direbobi suka fara wucewa.

Sahabi ya ce, "Inna, wace addu'a Baba ke yi wa gashin ga?"

Tsohuwa ta zame ɗankwalin da bai taɓa ganin ta cire ba. Ɗan guntun gashi fari fat, ko'ina tabon aska.

"Ga addu'ar. Shekara talatin yana yin ta. Aljana kuwa ba ta furfura."

Sahabi ya fita ya tofar da yawu, ya tsine wa rumfar, ya daɗe yana kallon motoci suna wucewa.

Kafin kasuwar Talata gashin ya ƙaru. Matarsa Ramla ta ajiye masa tuwo, ɗankwali ɗaure har gira.